Yadda ake shirin zuwa taron Ranar Matasa ta Duniya

Taron Ranar Matasa ta Duniya na gaba za a yi shi a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, daga Talata 3 zuwa Lahadi 8 ga Agustan 2027. Marigayi Paparoma Francis ne ya sanar da birnin a Misar rufe taron Lisbon a 2023, Paparoma Leo na 14 kuma ya bayyana kwanakin a Roma a Agustan 2025. Tun da Paparoma John Paul na biyu ya assasa wannan taro a tsakiyar shekarun 1980, matasan Katolika ke haɗuwa bayan kowace shekara biyu zuwa huɗu a wani babban birni, kuma jama'ar da ke zuwa ba kaɗan ba ce: Misar ƙarshe a Lisbon ta tara kusan mutum miliyan ɗaya da rabi.

Ɗan'uwa, idan wannan ne karonka na farko, ka riƙe abu guda tun yanzu. Ziyarar ibada ce da ake yi da ƙafa, a cikin ƙungiya, a kwana a ƙasa. Wanda ya shirya mata kamar hutu yakan sha wuya tun rana ta biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shiri mai kyau yakan fara shekara guda kafin tashi.

Kayan da za ka tanada

Takardu su ne kan gaba: fasfo, biza, takardar shaidar rajista, wasiƙar dayosis (wato yankin coci-cocin da ke ƙarƙashin bishop ɗinku), tikitin zuwa da dawowa, takardar inshorar lafiya, da katin rigakafi idan hanyar da za ku bi tana buƙatarsa. Kowacce ka yi mata kwafi biyu, ɗaya a jakarka, ɗaya a hannun shugaban ƙungiya, sannan ka ɗauki hotonta a waya. Asalin takardun su zauna cikin leda mai zif, a ƙaramar jakar da ake ɗaurawa a jiki ƙarƙashin riga.

Jaka biyu kake buƙata. Babba ta goyo, wadda za ta zauna a masauki, da ƙarama ta yawon yini. Akwati mai taya yana da daɗi a filin jirgi, amma a matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da mutane suka cika, sai ya zame maka nauyi.

Na kwanciya: jakar barci mara kauri, wato bargon nan mai zif da ake shiga ciki, da siririyar shimfiɗar soso mai naɗewa, da ɗan tamfol ko leda mai kauri da za a fara shimfiɗawa a ƙasa. In ba ka samu jakar barci ba, zanen gado guda da bargo mara nauyi sun isa a watan Agusta. Shimfiɗar soson ce ba na so ka bari, domin kwana shida a kan simintin ajin makarantar da aka sauke ku ba wasa ba ne.

Na sawa: takalmi kafi-ciki wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, safa masu yawa, silifas na wanka, riguna marasa nauyi masu saurin bushewa, hula mai faɗin baki, rigar ruwa ta leda, da riga guda mai dogon hannu saboda sanyin asuba. Ka sa tufafi ɗaya na mutunci don Misa. A masaukai da yawa wanka na taro ne, wani lokaci ma a waje aka kafa famfunan, saboda haka gajeren wando ko zanen da za a yi wanka da shi yana da amfani, musamman ga 'yan'uwa mata.

Sai ƙananan abubuwan da aka fi mantawa: gorar ruwa mai ɗaukar lita ɗaya ko fiye, tocila, filasta, man kare fata daga rana, hodar gishiri da sukari ta maganin bushewar jiki, takardar bayan gida, igiya da 'yan maƙalai na shanya, batirin cajin waya, da adafta. Soket ɗin Koriya mai rami biyu ne zagayayyu, wutarsu kuma 220 ce. Ka nemi ƙaramar rediyo mai kama FM da abin sawa a kunne, domin a tarukan baya ta rediyo ake jin fassarar jawabin Paparoma zuwa harsuna daban-daban, kuma a filin da mutum miliyan ke riƙe da waya intanet ba abin dogaro ba ne. Littafi Mai Tsarki ƙarami, rosari, ɗan littafin rubutu da biro su cika jakar. Fada da zai raka ku ya ɗauki farar rigar Misa da takardar bishop ɗinsa mai shaida cewa shi firist ne mai izini, ya kuma yi rajistar firistoci daban, in ba haka ba ba zai samu shiga sahun masu ba da Misa ba.

1. Ka shiga ta ƙofar dayosis

Rajistar wannan taro ta ƙungiya ce. Ka fara da Fada na faris ɗinku, wato cocin yankinku, shi zai haɗa ka da ofishin matasa na dayosis, su kuma suna aiki da kwamitin bishop-bishop na ƙasa. Shugaban ƙungiya ne ke shigar da sunaye a shafin taron na hukuma, ya zaɓi tsarin da kuke so. A tarukan baya tsarin da ya fi cika yakan haɗa masauki, abinci, katin hawa motocin gari, inshora da jakar maziyarci, akwai kuma na ƙarshen mako kawai. Ana ƙara ɗan kuɗin taimakon juna da ake tallafa wa matasan ƙasashe marasa ƙarfi da shi. Kowane taro yana sanar da iyakar shekarunsa, amma duk wanda bai kai 18 ba sai da rubutaccen izinin iyaye da babban da zai ɗauki nauyinsa.

A nan 'yan damfara ke kafa tarko. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa zai samo maka gurbi da biza, ka kai sunansa wurin Fada kafin ka ba shi ko kwabo. In dayosis ɗinku ba ta shirya tafiya ba, ka tambayi ta maƙwabta, ko wata ƙungiyar sistoci ko firistoci da ke kai matasa, amma duk da haka ka karɓi wasiƙa daga faris ɗinku.

2. Fasfo da biza

Duba ranar ƙarewar fasfonka yau. Ya kamata ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, da shafuka biyu ko uku da ba a buga komai ba. Sunan da ke fasfo shi za a rubuta a rajista da tikiti, harafi da harafi. Wanda aka fi sani da sunan baftisma amma fasfonsa na ɗauke da wani suna, ya bi na fasfo. Wannan ƙaramin saɓani ya hana mutane da dama hawa jirgi.

Rajistar taro ba biza ba ce. Takarda ce mai ƙarfafa buƙatarka, amma hukunci na ofishin jakadancin Koriya ta Kudu ne. Abin da suke son gani shi ne cewa kana da abin da zai dawo da kai gida: wasiƙar makaranta ko ta wurin aiki, bayanin asusun banki na gaskiya, da shaidar wanda ya ɗauki nauyinka. Kada ka aro kuɗi ka zuba a asusu mako guda kafin neman biza, masu dubawa sun san wannan dabara. Ku nema tare a matsayin ƙungiya, da wuri, ku kuma bincika ko ƙasar da za ku sauya jirgi tana buƙatar bizar wucewa.

Akwai maganar da dole a faɗa a fili. Wasu kan shiga irin wannan tafiya da niyyar ɓacewa a can. Mutum ɗaya ya gudu, shugaban ƙungiya ne zai amsa tambayoyi, sunan dayosis ya ɓaci, kuma matasan da za su nema a taro na gaba su ne za a hana. Shugabanni su zauna da kowane matafiyi da iyayensa tun farko, su zaɓi waɗanda faris ta san su da hidima. Wanda ya bayyana a coci wata uku kafin tafiya yana neman gurbi, a yi masa tambayoyi sosai.

3. Kuɗi da tikiti

Tikitin jirgi ne ke cinye kaso mafi girma, kuma farashinsa na hawa yayin da Agusta ke matsowa. Ku buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, kowa ya riƙa zuba nasa wata-wata, a kuma karanta lissafi a kowane zama. Ku nemi tikitin da za a iya sauyawa ko a mayar da kuɗinsa idan biza ba ta fito ba. A lissafinku ku sa kuɗin biza, abincin kwanakin da rajista ba ta ɗauka ba, da ɗan abin ajiya na ko-ta-kwana. Kuɗin Koriya sunansa won. Kowa ya riƙe kaɗan a hannu ko da yana da katin banki, domin katin wata ƙasa kan ƙi aiki a lokacin da aka fi buƙatarsa.

4. Horar da ƙafa

Wannan mataki ne aka fi rainawa, shi ne kuma ke raba wanda ya ji daɗin taro da wanda ya ƙare a tantin masu jinya. A kowace rana ta makon za ka yi tafiyar kilomita da yawa, ka yi tsayuwar sa'o'i, ranar Asabar kuma ka yi doguwar tafiya da kaya a baya. Wata uku kafin tashi ka fara tafiyar rabin sa'a kullum cikin takalmin da za ka je da shi. Bayan mako biyu ka ƙara lokaci, ka goya jaka mai nauyin kilo biyar ko shida. A watan ƙarshe ƙungiya ta fita tare sau biyu ko uku, a yi kilomita goma zuwa goma sha biyar, ana addu'ar rosari a hanya. A nan za ku gane wa ke da sauri, wa ke buƙatar a jira shi, da takalmin wa ke cizo.

Sabon takalmi ranar tafiya kuskure ne babba. Da zarar ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, ka tsaya ka manna filasta tun bai yi bororo ba. Mai ciwon asma, sikari, sikila ko farfaɗiya ya ga likita, ya gaya wa shugaban ƙungiya, ya riƙe maganinsa cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Koriya tana da tsauri kan wasu magungunan kashe zafi da na barci, wasu sai da izini tun kafin shiga, don haka a bincika da wuri.

5. Shirin zuciya

Taken taron Seoul daga Yohanna 16:33 aka ɗauko shi: ku yi ƙarfin hali, na yi nasara da duniya. Ku riƙa haɗuwa aƙalla sau ɗaya a wata ku karanta surorin da ke kewaye da ayar, ku yi addu'a, ku koyi waƙoƙin da za ku rera a hanya. Kowa ya je ya furta zunubansa kafin tashi, ya kuma tattara buƙatun addu'a na waɗanda ba za su samu zuwa ba.

Ina so ƙwarai ku san cocin da za ta karɓe ku, domin tarihinta zai sauya yadda kuke kallon birnin. Bangaskiyar Katolika ta shiga Koriya ta hannun 'yan ƙasa masu karatu, ba ta hannun mishan ba. Yi Seung-hun ya karɓi baftisma a Beijing a 1784, ya koma gida ya yi wa wasu, aka yi shekaru ana ibada babu firist. Tsanantawar da ta biyo baya a ƙarni na 19 ta ci rayukan dubbai. Firist ɗan ƙasa na farko, Andrew Kim Taegon, an kashe shi a 1846 yana da shekara 25, wato sa'an yawancin waɗanda za su je taron. A 1984 Paparoma John Paul na biyu ya ɗaukaka shahidai 103 zuwa matsayin tsarkaka a Seoul, Paparoma Francis kuma ya ayyana wasu 124 a matsayin masu albarka a 2014. Yau Katolika kusan kashi 11 ne cikin ɗari na al'ummar ƙasar. In kun samu sarari, ku ziyarci babban cocin Myeongdong da wurin shahidai na Jeoldusan a bakin kogin Han.

6. Ku tsara kanku

Ku kasu ƙananan rukuni na mutum takwas zuwa goma, kowanne da jagora, kuma kowa da abokin tafiyar da ba ya rabuwa da shi ko bayan gida za shi. Ku sami doguwar sanda mai tuta ko wata alama da ake hangowa daga nesa. Kowa ya rataya kati mai sunansa, adireshin masauki da harshen Koriya, da lambar jagora. Dokar ɓata guda ce: a kowane wuri ku fara ayyana inda za a haɗu, wanda ya ɓata ya je can ya tsaya. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ƙofa ta rufe ya bari a baya ya tsaya inda yake, jagora ya sauka tasha ta gaba ya dawo. Lambar 'yan sanda a Koriya 112 ce, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119. Mutanen can sun fi dogaro da manhajojin taswira na Naver Map da KakaoMap wajen neman hanya, ku sauke ɗaya tun a gida.

7. Isa da makon taro

Yawancin jiragen ƙasashen waje a filin jirgin Incheon, kusa da Seoul, suke sauka. Batirin cajin waya ya kasance a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Kada kowa ya saka nama, busasshe ko soyayye, ko ɗanyen 'ya'yan itace a kayansa, domin kwastan na can suna cin tara mai nauyi a kansu.

In hali ya yi, ku shiga kwanakin dayosis da ake yi kafin babban mako, al'adar da ta fara tun taron birnin Paris na ƙasar Faransa a 1997. Ana raba baƙi zuwa garuruwa daban-daban, sau da yawa a gidajen iyalai, kuma a ganina nan ne zumunci na gaske yake ƙulluwa. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka karɓi abu da hannu biyu, ka tafi da 'yar tsaraba. Abincinsu shinkafa ce da kayan lambu da kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji. Wanda wani abinci ke yi wa illa ya sa a rubuta masa a kati da harshensu.

Tsarin makon kusan ɗaya ne a kowane taro. Talata Misar buɗewa tare da bishop na birnin. Safiyar Laraba zuwa Juma'a koyarwar bishop-bishop, an raba ta bisa harsuna. Alhamis tarbar Paparoma, Juma'a Hanyar Gicciye, Asabar doguwar tafiya zuwa babban fili don daren addu'a tare da Paparoma a kwana a can, Lahadi Misar rufewa. A waɗannan manyan taruka za ka ga gicciyen katako da aka damƙa wa matasa a 1984, tare da hoton Uwargida Maryamu da aka haɗa masa a 2003. Da rana akwai waƙe-waƙe, baje kolin ƙungiyoyin hidimar coci, kamar na firistoci da sistoci, da wurin furta zunubi inda firistoci ke zaune da alamar harsunan da suke ji. Kada ku ce sai kun ga komai. Abu ɗaya ko biyu a yini ya isa, sauran lokaci na layin abinci ne da tafiya. Ku ci abincin rana kafin ko bayan lokacin cunkoso, ku wanke riga kowane dare, ku yi barci. Waɗanda suka raba dare suna hira tun Talata, ranar Asabar ba sa iya ɗaga jaka.

8. Asabar da Lahadi

Duk shirin da ka yi, don waɗannan sa'o'i talatin ne. Daren Juma'a ka haɗa ƙaramar jaka: shimfiɗa, jakar barci, tamfol, rigar ruwa, riga mai dogon hannu, tocila, rediyo, magani, da ruwa cike. Babbar jaka ta zauna a masauki. Katin maziyarci da masu shirya taro za su ba ka yana ɗauke da harafi da lambar sashen da aka ba ku a filin, kuma kowane sashe da hanyar shigarsa. Ku bi wadda aka rubuta muku ko da kun ga wata ta fi kusa, domin masu tsaro za su mayar da ku, ku ƙara tafiyar sa'a guda a banza. A hanya ake karɓar ƙunshin abincin da zai kai ku har Lahadi da rana. Yana da nauyi, ka bar masa wuri, kuma kada ka cinye shi tun yamma.

Lokacin tashi shawara ce mai wuya. In kun fita da sassafe za ku sami wuri mai kyau, amma za ku yini a rana babu inuwa. In kun makara, sashenku na iya cika. Ni na fi son a fita da safe, a ɗaura tamfol a kan sanduna ko lema a yi rumfa, a kwanta a huta. Agusta a Seoul zafi ne mai gumi, irin wanda zufa ba ta bushewa, kuma ruwan sama mai ƙarfi na iya sauka ba sallama. Ka sha ruwa kafin ƙishi ya zo, ka zuba hodar gishiri da sukari a gora ɗaya. Wanda ya fara jiri, ciwon kai, amai, ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a kira masu agaji nan take. Kada a ce ya daure. Yanayi ya sha sauya shiri a baya: a Madrid a 2011 guguwa da ruwa sun katse jawabin Paparoma Benedict a daren addu'a, a Rio kuma a 2013 laka ta sa aka mayar da taron ƙarshe bakin tekun Copacabana. Saboda haka jagora ya riƙa duba sanarwar hukuma har safiyar Asabar.

Da kun isa, ku shimfiɗa tamfol a haɗe, jakunkuna a tsakiya, ku bar hanyar wucewa. Kowa ya je ya gano bayan gida da famfo mafi kusa tun da sauran haske, ya lura da wata alama tsayayya kamar hasumiyar lasifika mai lamba. Da dare filin gaba ɗaya kama ɗaya yake, dubban mutane kwance cikin barguna iri guda, kuma mutum na iya yin sa'a yana zagaye taku ashirin daga shimfiɗarsa. Wataƙila ba za ka ga Paparoma ba sai a babban allo, kada wannan ya dame ka. Idan aka fito da Sakramenti Mai Tsarki, ka kashe waya ka durƙusa tare da jama'a. Shirun da mutum miliyan ke yi a wannan lokaci ya fi duk abin da za ka ɗauka a hoto.

Ka kwanta da fasfo a jikinka, takalmi cikin leda saboda raɓa. Ka tashi kafin gari ya waye ka je bayan gida, domin da zarar lasifika ta tashi mutane layin ba ya ƙarewa. Ku naɗe kaya kafin Misa. A ƙarshenta Paparoma zai sanar da birnin taro na gaba. Bayan albarka kada ku ruga. Ku zauna sa'a ɗaya ko biyu, ku ci sauran abinci, ku kwashe sharar wurinku, ku bar cunkoso ya ragu, sannan a ƙirga kowa a kama hanya.

9. Dawowa

Kada ku sayi tikitin daren Lahadi. Fita daga filin kaɗai na iya cin rabin yini, ga kayan da ke masauki. Litinin da yamma ko Talata ya fi. Ku tabbatar tun wajen rajista ko masaukinku ya haɗa da daren Lahadi, in bai haɗa ba ku nemi wurin kwana tun kuna gida. A filin jirgi jagora ya ƙirga mutane da fasfo a hannu kafin a shiga layin tantancewa, ya sake ƙirgawa a ƙofar jirgi. Cikin mako biyu da isa gida ku karanta wa faris lissafin kuɗi, ku ba da rahoto a gaban waɗanda suka taimaka, ku kuma rubuta abin da ya yi kyau da wanda ya ba ku wahala, a ajiye a ofishin matasa don ƙungiyar da za ta je taro na gaba.